Mai Gida Ba Ya Zama Ranar Slava

Goggo Zagorka,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba. Mama ce mai karanta shafinki na jarida, ni a gefe nake saurara ina gyaran wani abu. Ba ta san na rubuto ba. Slavar gidanmu, wato bikin shekara-shekara na waliyyin gidanmu, ta kusa, ranar Nikola mai tsarki, kuma Baba yana so in yi masa wani abu a ranar wanda nake tsoron zai illata shi. In kuma na ƙi, ina tsoron zai saki jiki ya daina neman lafiya gaba ɗaya. Bari in faro miki daga farko.

Bara da kaka tarakta ta kife da Baba a gangaren gonarmu. Ƙashin bayansa ya karye, lakar da ke cikinsa ta taɓu. Likitoci suka ce ba ta tsinke duka ba, amma daga cibiya zuwa ƙasa ba ya ji, ba ya motsi. Mutumin da yake ɗora buhun masara a kafaɗa ya hau tsani yana fito, shi ne ya koma sai na ɗaga shi na juya. Ni nake yi masa wanka. Da idona na ga ƙafafun nan suna ramewa, har wandonsa ya zama kamar an rataye shi a kan sanduna biyu. In na taɓa su sai in ji sanyi irin na dutsen rafi. Ban faɗa wa kowa ba, amma a raina na riga na yi musu jana'iza.

Da bazara aka tura mu asibitin gashin ƙashi, can wajen maɓuɓɓugar ruwan zafi, na tafi jinyarsa. A nan muka haɗu da Malama Vesna, mai yi masa gashi, wata gajeriyar mata mai murya kamar ta direban babbar mota. Wata safiya ta zo da 'yar na'ura wadda ba ta fi rediyon aljihu girma ba, da wayoyi da wasu faifan roba masu danƙo. Ta manna su a cinyar Baba. Baba ya dube ta ya ce, “'Yata, in gasa ni za ki yi, ki bari a shafa min tafarnuwa tukuna.” Ta ce, “Kawu Milisav, namanka ya yi tauri, babu mai ci. Yi shiru ka kalli ƙafarka.”

Ta murɗa makunnin a hankali. Da farko fatar ce ta soma rawa, kamar yadda fatar saniya take yi in ƙuda ya sauka. Sai tsokar ta dunƙule. Sai ƙafar, Goggo, ƙafar da ta yi wata da watanni a kwance kamar itace, ta tashi daga gwiwa ta miƙe sambal a iska, ta tsaya, sannan ta sauka a hankali. Na ja da baya har na buge kujera. Baba kuwa kallonta kawai yake yi kamar wanda ɗansa ya dawo daga yaƙi bayan an ce ya mutu.

Na kasa haƙuri, na bi Malama Vesna har bakin ƙofa na tambaye ta wane irin abu ne wannan. Ni da na zaci wutar ce take fizgar nama, yadda take fizgar hannun mutum in ya taɓa waya. Ta ce a'a. Ta ce jijiyoyin ƙafar duk suna raye, babu abin da ya same su. Abin da ya lalace hanya ce, wadda saƙo yake bi daga ƙwaƙwalwa ya gangara ta cikin laka. Ta ce kuma shi kansa saƙon da ƙwaƙwalwa take aikawa 'yar wuta ce, ƙanƙanuwa ƙwarai, tana gudu a jikin kowa dare da rana. To na'urar tana kwaikwayon wannan muryar ne. Tana yi wa jijiya magana da harshen da ta sani, ita kuma jijiyar ta umarci tsoka, tsoka ta yi biyayya.

Tun daga ranar ban ƙara kallon jikina yadda na saba ba. In ina faskare sai in tsaya in kalli yatsuna a kan ƙotar gatari, in ce ashe wuta ce take yawo a cikina tun ranar da aka haife ni, ban taɓa biyan kuɗinta ba, ban taɓa jin ta ƙone ni ba. Kuma ashe ƙafafun Baba ba mutuwa suka yi ba. Suna nan ne kamar ƙauyen da dusar ƙanƙara ta rufe wa hanya: mutane na ciki, murhu na ci, jira kawai suke a zo a kira su.

Da aka yi makonni ana yi, cinyoyin suka soma cika. Sanyin nan ya ragu, launin fatar ya dawo. Malama Vesna kullum sai ta ce masa, “Kada ka bar wa na'ura aiki ita kaɗai. Da ka ji na ce yanzu, kai ma ka tura da ranka, kamar kai ne mai ɗagawa.” Ta ce 'yan zaren da suka tsira a cikin laka suna iya ƙara ƙarfi in ana yawan bi ta kansu, kamar turbar daji, amma ba ta yi mana alkawarin komai ba. Daga baya aka kai shi tsakanin ƙarafa biyu na dafawa, aka manna masa faifan a cinyoyi da ɗuwawu, mutum biyu suka tallafe shi, ta danna. Baba ya miƙe tsaye. Na manta cewa ya fi ni tsawo. Ya leƙo kaina daga sama ya ce, “Kai, yaushe rabonka da aski?” Na juya na fita waje don kada ya ga fuskata.

Amma tsayuwar ba ta daɗewa. 'Yan mintuna ne, sai ki ga gwiwoyin sun soma kakkarwa, sai su saki. Na lura kafin su saki akwai wata 'yar rawa da take fara bayyana a saman gwiwar hagu, da na gan ta nake matso da keken guragu. Malama Vesna ta ce dalili shi ne ƙwaƙwalwa tana da dabara: ba ta kiran zaren tsoka duka a lokaci guda, wasu na aiki wasu na hutu, suna karɓa-karɓa kamar masu yankan ciyawa. Ita kuwa na'ura ba ta da wannan wayon, waɗanda ta kama su take ta kira babu hutu har su gaji. Wannan ma ya ba ni mamaki. Mutum yana tsaye a layin burodi yana hamma, ashe ana can ana sauya masu gadi a cikin cinyarsa.

Da za mu dawo gida aka ba mu aron ƙaramar na'ura, aka koya min inda ake mannawa da iyakar lokaci da iyakar ƙarfi, aka ce mu riƙa komawa ana dubawa. Ni nake riƙe da makunnin. A nan matsalar ta fara. Baba ya ƙulla a ransa cewa ƙafa batir ce. Ya ce duk batirin tarakta da ya sauka, ba minti ashirin ake jona shi ba, barinsa ake yi ya sha wuta ya ƙoshi. Na yi bayanin masu yankan ciyawa har bakina ya bushe. Ya ce, “Jakin nan, tun ba a haife ka ba nake tayar da matattun injuna, yau kai za ka koya min wuta?” Kum Obrad, wanda ya riƙe ni ranar baftisma, shi ya sa shi da Baba suke kiran juna kum, maimakon ya taya ni sai ya ƙara zuga shi da wasa. Ya ce, “Kum, bari in kawo wayoyin taraktata mu jona ka sosai, ka ga ka riga amarya shiga fagen rawa. In ya yi aiki sai a jona min matar tawa a baki, amma ta wajen kashewa.” Aka yi dariya. Baba ma ya yi, amma na ga idonsa, shi ba wasa ya ji ba.

Makon jiya na tafi ɗebo itace da rana, Mama tana wajen kaji. Ashe ya jawo na'urar da sandarsa, ya manna da kansa, ya murɗa sama da inda aka ce, ya bar ta tana ta aiki. Da na dawo na ɗaga faifan na ga fatar ta yi ja, wuri ɗaya har ta tashi kamar ƙunar ruwan zafi. Shi bai ji komai ba, zaune yake yana sauraren rediyo. Ya kama hannuna ya ce in na faɗa wa “gajeriyar nan” za ta ƙwace na'urar, kuma ba zai yafe min ba. Mama ta shafa masa wani man gargajiya da kitse ta rufe da tsumma. Har yau wurin bai warke sosai ba, ina manna faifan a gefensa.

Duk wannan saboda slava ne. Ban sani ba ko ku a birni har yanzu kuna riƙe da abin, amma mu a nan mai gida ba ya zama ranar slava. Daga lokacin da ya kunna kyandir har baƙo na ƙarshe ya tafi, yana tsaye, yana tarbar mutane a ƙofa, yana zuba musu rakiya, barasarmu ta gida, yana zagaya tebur. Kakana ya yi haka da ciwon gwiwa. Bara Baba yana asibiti, kowa ya san uzuri ne. Bana yana gida. Ya ce ba za a shigo gidan Milisav a tarar da shi zaune kamar baƙo a gaban kyandirin ubansa ba. Shirinsa shi ne in ɓoye na'urar a aljihun rigarsa, wayoyi a cikin wando, ya dafa ƙarfen dogarawa a gefen tebur, ni kuma duk lokacin da ƙafar ta soma saki in ƙara wuta, in ta ƙarawa har yamma. Ya ce in ba zan yi ba, to a gaban baƙi zai miƙa min kyandir da burodin slava, in zama mai gida, shi ya koma ɗakin baya a rufe ƙofa, washegari kuma in mayar wa asibiti kayansu. Kin san abin da ake nufi in uba ya miƙa slava yana raye. Ya gama ke nan.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba, shi ne ma ya hana ni sukuni. Shekaranjiya da safe ina goge masa ƙafa bayan wanka, na'ura tana cikin kwalinta a kan kabad, ko kusa da shi ba ta. Yana kwance rigingine. Na ce masa ya tura, kamar yadda muke yi kullum. Goggo, babban yatsan ƙafar hagu ya lanƙwasa. Kaɗan ne, kamar kan tsuntsu in zai sha ruwa. Na san zabura irin ta ciwon, wadda take girgiza ƙafar duka in an taɓa ta. Wannan ba ita ba ce. Na ce ya saki, ya tsaya. Na ce ya sake, ya sake lanƙwasawa. Ya ce, “Me kake ta sa ni sakewa, ka mai da ni ɗan makaranta?” Bai gani ba, bai ji ba. Saƙo ya taso daga kansa, ya ratsa wurin da tarakta ta murƙushe, ya sauka har ƙasa, kuma ni kaɗai ne shaida a duniya. Na ci gaba da goge masa ƙafar da tawul.

Ina so in faɗa masa, amma na san shi. Zai ce ga shi nan, batir ya soma ɗauka, aikin da ya yi da kansa ne, a ƙara wuta. In kuma kuskure idona ya yi, na ɗora masa rai a banza. To yaya zan yi? In tona asirinsa wajen Malama Vesna? In yi masa abin da yake so ranar slava ko da sau ɗaya ne? Ko in karɓi kyandir ina kallo ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa?

Ɗan Milisav mai riƙe da makunni,
daga wani ƙauye a tsaunukan Valjevo

*

Ɗana,

Ka ce ba ka yi nisa a makaranta ba. Na karanta wasiƙarka sau biyu, na kuma karanta wa wata likita ƙawata a waya, ta ce da duk mai jinya yana da ido irin naka da aikinsu ya yi sauƙi. Saboda haka ka yarda da idonka, mu shiga magana.

Abu mafi gaggawa shi ne ƙunar nan. Kada ka jira ranar komawa asibiti, gobe ka kira Malama Vesna. Fatar da ba ta jin zafi ba ta da mai yi mata ƙara, ƙaramin ciwo a kanta yana iya cin rami ya kwantar da mutum watanni. Ku cire kitse da tsumman nan, kada ka sake manna komai kusa da wurin sai an duba. Na san ka ji kamar cin amana ne. Amma babanka ya sa ka yi shiru ne don yana tsoron rasa na'urar, kuma shirun ne zai fi saurin raba shi da ita. Masu wannan aikin sun saba da marasa lafiya masu gaggawa, shi ba na farko ba ne. Za ta yi faɗa, da wannan muryar tata, sannan a ci gaba. Daga yau kuma na'urar ta zauna inda sanda ba ta kaiwa.

Shirinsa na ranar slava kuwa, a'a. Ba sau ɗaya ba, ba rabin yini ba. Ka riga ka san dalili fiye da ni: tsokar da ta gaji ba ta jin kira, duk wutar da ka ƙara a fata za ta ƙare. Ƙawata ta ƙara da abin da ba ka ambata ba, cewa ƙashin da ya daɗe bai ɗauki nauyi ba yana yin laushi, faɗuwa ɗaya a gefen tebur tana iya karya shi, kuma doguwar tsayuwa tana iya sa jiri ya ɗebe shi. Ka yi tunanin wannan a gaban baƙi. Ba mutuncin da yake nema ba ke nan.

Amma kada ka ɗauki babanka a matsayin mai taurin kai kawai. Mutumin nan an ɗauke masa gona, an ɗauke masa tsani, ɗansa ne yake juya shi a gado. Abu ɗaya ya rage wanda yake ce masa har yanzu shi ne mai gidan nan, shi yake karewa. Maganar batir ma ba wauta ba ce, da abin da ya sani yake auna abin da bai sani ba, kamar kowa. Don haka “a'a” kaɗai ba za ta ishe shi ba, sai ka zo masa da wani abu a hannu.

Ga abin da za ka zo da shi. Ka faɗa wa Malama Vesna zancen slava dalla-dalla, ita ma 'yar ƙasar nan ce, ta san abin da ake nufi. Ka tambaye ta ko, in fatar ta warke, za a iya shirya shi ya tsaya na 'yan mintunan da suka fi kowane nauyi a ranar: lokacin kunna kyandir, da lokacin da fada, limamin coci, zai yanka burodi a juya shi. Ka tambaye ta kuma game da katakon tsayuwa mai ɗamara, wanda yake riƙe gwiwa da ƙugu ba tare da wuta ba. Ita za ta ce wanne ya dace da shi da tsawon lokacin da zai iya, kuma abin da ta ce shi ne. Idan ta amince, ya sami abin da zai yi wa atisaye kullum har ranar, maimakon ya zauna yana ƙulla dabara.

Sannan ka je wajen Kum Obrad, kai da shi kawai, ka nuna masa cewa wasansa ya bar tabo. Mai barkwanci irin wannan yawanci tsoro ne yake ɓoyewa. A ƙasarmu ba a mayar wa kum magana, to ya yi amfani da wannan girman. Shi ya dace ya tuna wa babanka cewa mai gida yana tsayawa ne don yi wa baƙi hidima, kuma tun zamanin kakanni, mai gidan da ya manyanta 'ya'yansa ne suke zagaya tebur a madadinsa, babu wanda ya taɓa cewa slavar ta bar hannunsa.

Batun yatsa. Ba zan ce maka zai yi tafiya ba, ƙawata ma ta ƙi faɗa, ta ce wani yakan tsaya a yatsa, wani yakan wuce. Amma da na karanta mata wurin, ta ce lallai a gwada. Ka faɗa wa Malama Vesna ta duba da kanta. In ta tabbatar, a ɗaga masa kai ya gani da idonsa, tana wurin, don ta bayyana masa cewa ba yinin da ya ƙona kansa ne ya kawo wannan ba, turawar da yake yi da ransa ce kullum, kaɗan-kaɗan. Kada ka riƙe labarin fiye da haka. Yatsansa ne, ya fi kowa haƙƙin sani. Kai ma nauyin ya yi maka yawa kai kaɗai, ka bar mahaifiyarka ta ɗauki nata kason, ta fi ƙarfin da kake zato.

In kuma duk da haka ya ce zai miƙa maka slava, ka tuna ba a miƙa wa wanda bai buɗe hannu ba. Kada ka yi gardama, kada ka ɗaga murya. Ka ce masa, cikin ladabi, bana ba za ka karɓa ba. Ka riƙe masa gindin kyandirin daidai tsayin hannunsa, ko yana tsaye ko yana zaune, ka ba shi ashana ya kunna da kansa.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya saka maka da alheri, ya kai ku ranar Nikola mai tsarki gida cike da baƙi.

Goggo Zagorka